Yadda Ake Sauraron Tsofaffin Faya-fayan Kiɗan Death Metal

Wanda bai saba da death metal ba, wato wani nau'in kiɗan rock mai tsananin ƙara da sauri, abin da zai fara ji shi ne hayaniya da gurnani, alhali kiɗa ne mai tsari wanda kunne ke buƙatar horo kafin ya gane shi.

Da farko, a bi faya-fayan bisa shekarun fitowarsu. A fara da Seven Churches na ƙungiyar Possessed wanda ya fito a 1985, sannan a koma kan Scream Bloody Gore na 1987 da Leprosy na 1988, dukkansu na ƙungiyar Death da marigayi Chuck Schuldiner ya jagoranta. A sanya abin ji a kunnuwa biyu, domin lasifikar waya tana haɗiye amon ganga, kuma a saurari faifai tun daga farkonsa har ƙarshe.

Mataki na biyu, wanda a ganina ya fi kowanne muhimmanci, shi ne a kau da kai daga muryar mawaƙi a bi jita. Kowace waƙa an gina ta ne a kan 'yan gajerun kiɗe-kiɗe da ake maimaitawa ana sauyawa, don haka sai a kama guda ɗaya a lura da inda ya yi sauri da inda ya ja ƙafa. Bayan haka a saurari ganga, musamman bugun Pete Sandoval a faifan Altars of Madness na ƙungiyar Morbid Angel, na 1989. Muryar kuma a ɗauke ta tamkar kayan kiɗa, domin a faifan Slowly We Rot na ƙungiyar Obituary, mawaƙinsu John Tardy yakan yi gurnani ba tare da furta cikakkun kalmomi ba.

Daga nan sai a kwatanta Amurka da Suwidin. Faya-fayan da Scott Burns ya naɗa a situdiyon Morrisound da ke Tampa a Amurka suna fitar da ganga tangaran, yayin da Left Hand Path na ƙungiyar Entombed, wanda Tomas Skogsberg ya naɗa a situdiyon Sunlight na Stockholm ya kuma fito a 1990, yake da jita mai ƙara kamar injin yankan katako, sakamakon na'urar sauya amon jita ta Boss HM-2 da aka murɗe ta har ƙarshe.

Baitocin a bar su sai daga baya, kuma a zaɓa da lura: wasu kan mutuwa da cututtuka suke, amma na ƙungiyar Deicide suka ne ga addini ƙarara, kuma mai sauraro yana iya tsallake su.