Gyaran gani da hasken leza: abin da za a duba kafin a bar Gusau

Aikin leza yana gyara matsaloli uku ne: rashin ganin nesa, rashin ganin kusa, da dishi-dishin da ke zuwa idan gaban ido bai zagaye daidai ba. Ba ya cire yanar ido, ba ya maganin hawan jinin ido. Wanda ya haura shekara 40 kuma zai iya ci gaba da neman tabarau na karatu ko bayan aikin.

A kan koniya ake yin sa, wato tantanin nan mai garai-garai da ya rufe baƙin ido. Kaurinta a yawancin mutane kusan rabin milimita ne, wajen maikiron 540 (maikiron dubu ne milimita ɗaya). A salon LASIK, likita yana ɗaga siririn marfi mai kaurin maikiron 100 zuwa 120, leza ta kankare abin da ke ƙasa, sannan a mayar da marfin. Kowace lamba ɗaya ta tabarau tana cin maikiron 12 zuwa 15, kuma dole a bar aƙalla 250 a ƙasa, likitoci da yawa ma sun fi son 300. In abin da aka bari bai kai haka ba, koniya takan yi rauni ta fara turowa waje bayan watanni ko shekaru, ganin ya lalace fiye da da. Shi ya sa awon kauri da hoton taswirar koniya suka fi komai muhimmanci. Duk asibitin da ya sa maka ranar aiki bai yi su ba, ka kama gabanka.

Fara da sashen ido na kusa da kai a Gusau, a auna lambarka da ƙarfin ruwan ido, a duba bayan ido. Ba a yin aikin sai ka cika shekara 18, lambar kuma ta yi shekara guda ba ta canja ba. Mai ciki da mai shayarwa su dakata, haka mai ciwon suga da bai daidaita ba. Wanda ya taso da ƙaiƙayin ido yana yawan murzawa, ya faɗa wa likita tun da wuri, domin murza tana sirantar da koniya. Mai sa gilashin da ake mannawa a ƙwayar ido ya cire shi mako ɗaya zuwa biyu kafin awo, mai tauri kuwa mako uku zuwa huɗu.

Aikin kansa galibi sai an je manyan birane kamar Legas ko Abuja. Maganin kashe zafi ake ɗigawa, ba allura, ido biyu ba sa wuce minti 30. Kada ka shirya komawa gida ranar, akwai dubawa washegari. In koniyarka siririya ce ana iya zaɓar PRK, wanda ba a ɗaga marfi, amma yana da raɗaɗi na kwana biyu zuwa uku, ganin kuma sai ya ɗauki makonni kafin ya washe.

Jinya ce inda mutanenmu suka fi samun matsala. Bushewar ido ita ce ta fi yawa, tana iya kai wata uku zuwa shida, iskar hunturu kuma tana ƙara ta. In da hali, a kauce wa watannin ƙura. Kada a murza ido ko kaɗan, marfin yana iya gocewa. A makon farko ruwa kada ya shiga ido, saboda haka a tambayi likita yadda za a yi alwala da wanka. Tozali, hayaƙin murhu, sussuka da wanka a gulbi duk a jingine su har likita ya ba da izini, hawa babur kuma sai da tabarau mai rufe gefe. Maganin ɗigawa na rage kumburi yana iya ɗaga ƙarfin ruwan ido, kada a ƙara kwanakinsa da ka. Zafi mai ƙaruwa, ja, kwantsa ko raguwar gani na nufin a ga likitan ido a ranar, ba a ɗiga komai na gida ba.