Kafin zaman gyaran titi a ofishin magajin garin Damagaram

Kada ku shiga zaman nan da baki kawai, ku fara auna titin. Mota ɗaya a wurin ajiye motoci tana cin mita 2,5 a faɗi da mita 5 a tsawo. In jere za su tsaya gefen hanya, a ba kowace mita 6 don ta samu fita. Ƙidayar ababen hawa kuwa, a yi ta ranar kasuwa a bakin Kasuwar Dole, a haɗa da kabu-kabu da amalanke.

Abin da ya fi muhimmanci shi ne magudanar ruwa. Ku dage a haƙa ta kafin a shimfiɗa pabe, wato tubalan da ake jerawa a kan titi. In aka juya tsarin, ruwan Agusta zai kwashe yashin ƙarƙashi, tubalan su lotsa. Lungunan tsohuwar unguwar Birni kuma, a bar wa masu tafiya ƙasa.