Kurakuran da ɗaliban Bisnes ke tafkawa in an tura su aikin al'umma

Duk simestar da lakcara ya ce 'yan ajin sarrafa kasuwanci su kasu gurup-gurup su fita su yi wa masu ƙananan sana'o'i wani aiki a ba su maki, to kusan kurakurai iri ɗaya ake ta maimaitawa, ni ma na tafka su ina aji uku, ba wai na fi kowa ba ne. Asalin tsarin daga jami'o'in Amurka yake, kuma tun 1979 wani masani Robert Sigmon ya shimfiɗa ƙa'idar cewa wanda ake yi wa hidimar shi ke da ta cewa kan irin hidimar da za a yi masa. A nan Najeriya ƙungiyar Enactus, wadda kafin 2012 ake kira SIFE, ta daɗe tana irin haka a jami'o'i da foliteknik. Amma wannan ƙa'idar ta Sigmon ita ce ta farko da muke takewa.

Babban kuskuren shi ne zuwa da magani tun ba a ji inda ke ciwo ba. Mu namu gurup ɗin mun shirya tsaf za mu koya wa mata masu ƙuli-ƙuli da man gyaɗa yadda ake talla a Facebook da WhatsApp, har da silaid muka haɗa. Shugabarsu ta bari muka gama zuba, sannan ta ce "'ya'yan nan sannunku da ƙoƙari, amma mu kayanmu ba ya kwana, gyaɗar ce ba mu iya saya da kaka lokacin tana araha, sai ta yi tsada muke bin ta tiya-tiya." Kunya kamar ƙasa ta tsage mu shige. Matsalarsu ta jari ce da ajiya, mu kuma mun zo da talla dan shi muka karanta a wancan satin. Gyaran ba wuya, sati biyun farko kar ku koyar da komai, ku zauna ku ga yadda ake suya da matsa da ƙullawa, ku tambayi "Hajiya me ya fi cinye miki riba?" sai ku yi shiru ku rubuta.

Sai shiga gari ba ta ƙofa ba. Ku karɓi takarda daga sashenku, ku fara gaida mai unguwa, in kasuwa ce sarkin kasuwa ko shugaban layi, in kuma gidan matan aure ne ɗalibai mata su shiga bayan an nemi izinin maigida. Kuma tun ranar farko ku faɗa da bakinku cewa ba kuɗi kuka kawo ba, dan tun bayan TraderMoni na 2018, shirin gwamnatin tarayya da aka riƙa ba ƙananan 'yan kasuwa rancen naira 10,000, duk wanda aka gani da fom da biro ana ɗauka tallafi ne, wasu kuma su zaci 'yan haraji ne su ɓoye muku ainihin cinikinsu. Kar ku karɓi BVN ko NIN na kowa, ba ruwan aikinku da su.

Inda na fi so a tsaya shi ne maganar lissafi, sabida nan ne karatunmu ke da amfani da gaske kuma nan muka fi ɓata shi. Sai ka ga an kai wa mai awara ƙaton littafin akawu mai layuka goma da Turanci, ta karɓa ta yi godiya, kuna juya baya yara su yage shi su ƙunsa gyaɗa. Ɗan littafin makaranta ya isa, layi uku kacal, abin da ya shigo, abin da ya fita, da bashi, da Hausa ko da ajami in shi ta iya, in ba ta rubutu ɗiyarta 'yar sakandare ta riƙe. Sannan ku zauna tare ku lissafa suya ɗaya daga farko har ƙarshe, waken suya, niƙa, mai, itace, ruwa, leda, yaji, ladan yarinyar da ke talla, har da wahalarta ita kanta, dan yawanci itace da ruwa da wahala ba a sa su a lissafi sai a ɗauka riba ake ci alhali uwar kuɗi ake gutsura. Haka kuɗin cefane da na makarantar yara da gudummawar biki duk daga gwangwani ɗaya suke fita, to a raba gwangwani biyu, na jari daban na gida daban, wannan kaɗai wallahi ya fi lacca goma. Kuma dan Allah kar ku je kuna kushe adashe, shi ne bankin da suka yarda da shi, gara a daidaita kwasar ta faɗo lokacin kaka. Bashi ma haka, littafi zai ce a daina bayarwa, amma wadda ke sana'a cikin dangi da maƙwabta ba ta isa ta hana ba, sai dai a sa iyaka a kuma rubuta suna da rana.

Akwai kuma masu matsa wa kowa sai ya yi rijista da CAC, hukumar rijistar kamfanoni, dan ya yi kyau a rahoto. Mai shagon ɗinki da ke neman kwangilar yunifom ɗin makaranta ko asusun banki da sunan shago yana buƙata, mai ƙosan bakin titi kuwa ba yanzu ba.

Lokaci ma yana cin mutane. Simesta gajera ce, ga tes ga jarabawa, ga azumi ko damina da ke canza ciniki gaba ɗaya, kuma wanda ya ga yajin aikin ASUU na 2022 da ya ci wata takwas ya san kalandar makaranta ba abin jingina ba ce. Ku ɗauki mutum biyar ku yi musu abu ɗaya ya zauna, ya fi taron mutum ɗari a firamare da ruwan leda da hoto. Hoton ma a nemi izini, ba kowace mata ke son fuskarta a intanet ba.

Cikin gurup kuwa an sani, mutum goma a takarda, biyu ke shan rana. Ku buɗe littafin fita, kowa ya sa hannu ranar da ya je da abin da ya yi, a miƙa wa lakcara tare da rahoto. A rahoton kuma ku daina ɓoye abin da ya ƙi, ku rubuta me kuka zata, me kuka tarar, wane darasin aji ne ya yi aiki wane ne ya faɗi a gaban Hajiya. Mu bayan wata ɗaya da difens, wato kare aikin a gaban malamai, muka koma, cikin mata shida biyu ne ke rubutu a littafin har lokacin, ɗaya ma ta ƙara layi na huɗu da kanta na kuɗin adashe.