Darasi na Bakwai: Riba Tana Takarda, Kes Babu Kuɗi

Ran 31 ga Disamba da la'asar, wani saurayi da ya koyi aikin kwantabul yana tsaye bakin wani sito kusa da Babbar Kasuwar Maraɗi, littafi a hannu, ƴan dako suna jera buhuna yana ƙirgawa. Siton na kawunsa ne, Alhaji mai fataucin wake da aya. Bayan kwana uku ya kawo lissafi.

"Kawu, bana an ci ribar miliyan biyu da rabi."

Alhaji ya jawo akwatin kes ya buɗe, ya ɗora takardar banki a kai. "To ɗana, nuna mini ita. Farkon shekara miliyan huɗu na bari, yau ɗaya nake gani."

Babu wanda ya yi ƙarya a cikinsu. Da wannan misali za mu yi aiki yau. Alƙaluman na koyo ne, mu muka tsara su don lissafi ya fito sarai, kuma dukansu da kuɗin sefa ne.

Abin da doka ta ce

Nijar tana cikin ƙasashe 17 na ƙungiyar OHADA mai daidaita dokokin kasuwanci a Afirka, wadda aka kafa da yarjejeniyar 1993. Tsarin riƙon littattafan kuɗi na ƙungiyar shi ne SYSCOHADA. An sabunta shi a 2017, ya fara aiki ran 1 ga Janairu 2018. Shekarar lissafi tana farawa 1 ga Janairu ta ƙare 31 ga Disamba, kuma ana da wata huɗu bayan rufe ta a kammala takardu. Littattafai, faktir da rasit ana adana su shekara 10, saboda haka kada a bar yara su naɗe ƙosai da su. Takardun ƙarshen shekara huɗu ne: takardar riba da asara, bilan (takardar abin da aka mallaka da inda kuɗinsa suka fito), takardar shige da ficen kuɗi, da bayanan da ke raka su. Ɗan kasuwar da cinikinsa bai kai miliyan 60 a shekara ba an yarje masa tsari mai sauƙi. Ga mai sana'ar hannu iyakar miliyan 40 ce, ga mai aikin hidima miliyan 30. Alhajinmu yana ƙasa da iyaka, amma cikakken tsarin za mu bi, don wanda ya iya shi ƙaramin ba zai ba shi wuya ba.

Takardar riba da asara

Wannan takarda labarin shekara guda take bayarwa. A sama ana rubuta ciniki, wato kuɗin duk hajar da aka sayar, ko an biya ko bashi aka ɗauka. Ku riƙe wannan da kyau, nan ne rigimar kawu da ɗansa ta samo tushe. Cinikin Alhaji miliyan 48 ne.

Sai a tambaya: hajar da aka sayar, nawa aka sayo ta? A nan masu koyo da yawa suke tuntuɓe, su ɗauki kuɗin duk abin da aka sayo cikin shekara su ɗebe daga ciniki. Ba haka ba ne, domin ba duka aka sayar ba. Alhaji ya shiga shekara da hajar miliyan 5 a sito. Ya ƙaro ta miliyan 40 daga kasuwannin Cadawa da Agye da ƙauyukan kewaye. Ranar ƙirga an samu ta miliyan 7. Biyar da arba'in, arba'in da biyar. A ɗebe bakwai, saura miliyan 38. Wannan ce ta fita. Miliyan 48 a ɗebe 38, saura miliyan 10, ribar farko ke nan, kafin a taɓa ɗawainiya.

Ɗawainiyar shekara kuwa ga ta:

Hayar sito: 1.200.000
Albashi, har da na Alhaji kansa: 2.400.000
Kuɗin mota da na dako: 1.800.000
Buhuna, waya da lantarki: 600.000
Lampo da patanti: 500.000
Tsufan mota: 1.000.000

Jimla 7.500.000. A ɗebe daga miliyan 10, riba ta tsaya 2.500.000.

Layin ƙarshe yana bukatar bayani. Alhaji ya sayi ƴar motar ɗaukar kaya miliyan 5 farkon shekara, ana sa ran za ta yi aiki shekara biyar. Ba a ɗora wa shekara guda duka kuɗin, sai a raba biyar, kowace shekara ta ɗauki miliyan guda. Babu wanda aka miƙa wa wannan miliyan, amma duk wanda ya taɓa bin hanyar laterit da lodin wake ya san motar ba ta dawowa yadda ta tafi.

Albashin Alhaji kuwa, da gangan muka sa shi. Babban ciwon kasuwancinmu shi ne aljihun mai gida da kes su zama abu guda: cefane daga nan, ragon suna daga nan, gudummawar biki daga nan, ba a rubuta ko dala. Ba a hana mai dukiya cin dukiyarsa. A yanka masa abin da zai ɗauka duk wata, in ya ƙara a rubuta da sunansa.

Bilan

Ita bilan hoton rana guda ce, ranar rufe shekara. Hannun hagu abin da kamfani ya mallaka, hannun dama inda kuɗin suka fito.

A hagu akwai mota 4.000.000, tunda an cire tsufan shekara guda. Haja a sito 7.000.000, bashin da ake bin masu saye 6.000.000; kuɗi a banki da kes 1.000.000. Jimla 18.000.000.

A dama akwai jari 10.000.000, ribar bana 2.500.000, bashin masu kawo kaya 3.500.000, rancen da ƙanen Alhaji ya bayar ba tare da kuɗin ruwa ba 2.000.000. Jimla 18.000.000.

Dole hannu biyu su zo daidai, saboda kowace tamma da ke hagu wani ne ya kawo ta, ko mai jari ko mai bin bashi. In ba su zo daidai ba akwai kuskure, a koma a nemo shi. Na sha ganin mai koyo ya ƙirƙiro layin "sauran abubuwa" don ya cike giɓi. Wannan rufe miki ne da zane.

Hajar sito ana rubuta ta da kuɗin da aka sayo ta, ba da farashin da ake fatan samu da bazara ba. Kuma ƙirga ba daga bakin ƙofa ake yin ta ba. A sauke buhun da ke can ƙasa jikin bango, a kwance bakinsa, a zura hannu. In ka ji gari a tafinka, ka ga wake duk huda, ƙwari sun riga ka, sai a rage darajar buhun a takarda. Haka ma bashi: wanda ya ɗauki kaya tun bara kuma wayarsa ba ta shiga, a ware nasa a rage shi. Wanda ake bi naira, irin abokan cinikin Jibiya da Katsina, a juya bashinsa zuwa sefa da canjin ranar 31 ga Disamba, ba da na ranar da ya ɗauki kaya ba. Ƴan kasuwar garin nan sun san abin da faɗuwar naira take yi wa bashin da ya kwana.

To ina ribar ta shiga?

A nan ne takarda ta uku, ta shige da ficen kuɗi, take aiki. A fara da riba, miliyan 2 da rabi, a mayar da miliyan gudan tsufan mota tunda bai fita daga kes ba: miliyan 3 da rabi. Haja ta tashi daga miliyan 5 zuwa 7, biyu sun kwanta a buhu. Bashin da ake bin mutane ya tashi daga miliyan 3 zuwa 6, uku suna aljihun wasu. Masu kawo kaya bara miliyan 2 suke bi, bana 3 da rabi, wato sun ɗaga wa kes ƙafa da miliyan ɗaya da rabi. Ku lissafa: uku da rabi, a ɗebe biyu, a ɗebe uku, a ƙara ɗaya da rabi. Sifiri. Fataucin shekara guda bai bar ko dala a kes ba. Sannan mota ta ci miliyan 5, rance ya kawo 2, kes ya ragu da miliyan 3. Huɗu a ɗebe uku, ga ɗayan da Alhaji yake gani.

Karanta takardu

Wanda ya iya haɗa takardu bai gama ba sai ya iya yi musu tambaya. A raba riba da ciniki: 2.500.000 cikin miliyan 48 ya ba da kashi 5 cikin ɗari da ƴan kai. Da harshen kasuwa, kowace jika ta ciniki dala goma ce take zama riba. Farashi ya ɗan karye da kaka, ta tafi. In aka auna da jari kuwa, miliyan 10 ta haifi miliyan 2 da rabi, kashi 25 cikin ɗari, ba laifi.

Abin da ya fi tayar da hankali shi ne bashi. Ana bin Alhaji miliyan 5 da rabi, a hannu yana da ɗaya. Gaskiya ne haja da bashin da yake bi sun kai miliyan 13, amma ƙwai a baka ya fi kaza a akurki. Don a san kwana nawa kuɗi ke yi a hannun masu saye, a raba miliyan 6 da miliyan 48, a ninka da 360: kwana 45. In masu kawo kaya sati biyu suke haƙuri, Alhaji zai riƙa rance yana biya alhali kasuwa tana ci. Shawarar da saurayin ya kamata ya kai wa kawunsa ita ce a taƙaita wa'adin bashi, a bi na baya, kada a ƙara sayen wata mota sai kes ya farfaɗo.

Aikin gida

Wata Hajiya mai sayar da atamfa a unguwar Zariya ta fara shekara da hajar 800.000, ta sayo ta 5.200.000, ranar ƙirga aka samu ta 1.000.000. Cinikinta 6.500.000, ɗawainiya 900.000. Ku fitar da ribar farko da ribar ƙarshe. A cikin cinikin, 700.000 bashi ne da matan biki ba su biya ba tukuna: shin wannan ya rage ribar, ko kes ya rage? Ku rubuta amsa da dalilinta, ku zo da ita zama mai zuwa tare da faktir guda uku daga shagonku ko na maƙwabci.