Yadda za ka fara gudun motsa jiki a Birnin Kebbi ba tare da ka jigata ba

Da yawa daga cikin masu fara gudun motsa jiki, gaggawa ce ke kayar da su. Mutum ya shekara goma rabonsa da filin ƙwallo, sai likita ya ce masa jininsa ya fara hawa, ko ya ga tumbi ya hana shi sunkuyawa ya ɗaure takalmi. Ran Asabar da safe ya fito ya zura iya ƙarfinsa. Kafin ya kai ƙarshen layinsu numfashi ya sarƙe, washegari ruku'u ma da ƙyar saboda tsamin jiki, daga nan kambas ya koma ƙarƙashin gado. Dalilin kuwa a jikin ɗan Adam yake: zuciya da huhu suna sabawa da wahala cikin 'yan makonni, amma jijiyoyi da gaɓoɓi da ƙashi sai sun ɗauki watanni. Duk matakan da ke tafe an tsara su ne don a jira waɗannan na baya su iso.

Da farko, a auna ka

Kafin ka sayi komai, je a auna maka jini da suga. Aikin 'yan mintoci ne a asibitin Sir Yahaya ko ƙaramin asibitin unguwarku. Hawan jini kan daɗe a jikin mutum bai sani ba. Wanda ya haura shekara 40 kuma ya jima ba ya motsa jiki, da mai ciwon suga, da mai asma, da wanda ya taɓa jin ƙirjinsa ya riƙe yayin hawan bene, duk su gaya wa likita niyyarsu tukuna. Mai sikila kuwa kada ya fara sai da yardar likitansa, domin zafi da ƙarancin ruwa a jiki suna cikin abubuwan da ke tayar da ciwon.

Na biyu, takalmi

Ba sai sabo ba. A cikin gwanjon babbar kasuwa ana samun kambas mai kyau, sai dai a iya zaɓe. Juya shi ka duba ƙasansa: in dunduniyar ta cinye ta gefe guda, ajiye shi, wani ya riga ya ƙarar da shi. Danna cikinsa da yatsa ka ji ko da sauran taushi. Takalmin gudu kan yi kilomita 500 zuwa 800 kafin katifarsa ta mutu, na gwanjo kuwa an ci wani kaso na wannan tun kafin ya zo hannunka. Je kasuwar da yamma, lokacin da ƙafa ta ɗan kumbura, ka gwada da safa a ƙafarka, ka bar tazarar faɗin babban yatsan hannu tsakanin yatsun ƙafa da bakin takalmin. Takalmin ƙwallo mai ƙusoshi a ƙasa ba na wannan aikin ba ne, silifa ma haka. Riga mara nauyi mai hasken launi da wando sakakke sun wadatar.

Na uku, lokaci da wuri

A Kebbi rana ce ke tsara wa mai gudu lokacinsa. Daga Maris zuwa Mayu zafi kan haura digiri 40 da rana, kuma kwalta ba ta hucewa har bayan magariba. Lokacin da ya fi shi ne bayan sallar asuba, da zarar gari ya waye har kana gane fuskar mai tahowa. Da yake muna can yammacin Najeriya, rana ba ta saurin fitowa: a Janairu sai bayan ƙarfe bakwai kaɗan, a Yuni wajen shida da minti ashirin. Wato ma'aikaci na iya yin rabin awarsa ya dawo ya yi wanka bai makara ba.

In da zaɓi, ni dai Nuwamba zan ce a fara. Sanyin safiyar hunturu na rage rabin wahalar, kuma kafin bazara ta kama jiki ya riga ya ginu. Matsalar hunturu ƙura ce. Ranar da hazo ya rufe gari har ba ka hango ƙarshen titi, haƙura, musamman mai asma. Damina ma ba laifi, sai dai gumi ba ya bushewa da sauri, ga santsi. Afrilu ne mafi munin watan farawa. Wanda ya zama dole ya fara a cikinsa, ya sani jiki na buƙatar kwana 10 zuwa 14 kafin ya saba da aiki cikin zafi, don haka ya sassauta sosai.

Filin ƙwallon makarantar unguwa ya fi titi ga sabon shiga: ƙasa ta fi kwalta sauƙi ga gwiwa, babu mota, kuma awo a fili yake. Cikakken filin ƙwallo tsawonsa mita 105 ne, faɗinsa 68, zagaye uku ya kai kilomita guda. In ka samu shiga filin wasa irin na Haliru Abdu, layin tsere na ƙa'ida mita 400 ne, zagaye goma sha biyu da rabi ke nan kilomita biyar. Guji rairayi mai zurfi, yana cin agara. Bayan damina kuma a yi hattara da ƙarangiya da tsidau a gefen fili.

In titi za ka bi, kama gefen hagu yadda za ka fuskanci abin hawa mai tahowa. 'Yan kabu-kabu da sassafe ba sa tsammanin ganin mutum a kan hanya, wasunsu ma ba fitila. Kada ka toshe kunnuwa biyu da waƙa ko karatu. Halin tsaron da ake ciki kuma ba sai an yi dogon bayani ba: tsaya cikin gari inda ake da jama'a, kada ka bi hanyar fadama ko bayan gari kai kaɗai da duku-duku, kuma ka gaya wa mutanen gida inda ka nufa.

Na huɗu, gudun kansa

In ka daɗe ba ka motsa ba, yi mako biyu kana tafiya mai sauri kawai, minti 20 zuwa 30, sau uku ko huɗu a mako. Bayan nan sai a shiga tsarin haɗa sassarfa da tafiya. Mafi shahara shi ne wanda wani Ba'amurke mai suna Josh Clark ya fitar a 1996, wanda hukumar lafiya ta Ingila ta ɗauka tana koya wa jama'a. Mako tara ne, sau uku a mako, da hutun aƙalla kwana guda tsakani, misali Asabar, Litinin da Laraba.

Kowace fita ka buɗe ta da tafiya mai sauri ta minti biyar don jiki ya ɗumama. A makon farko, sassarfar daƙiƙa 60, tafiyar daƙiƙa 90, kana maimaitawa har minti 20. Agogon waya ya isa. A mako na biyu sassarfar ta koma daƙiƙa 90, tafiyar minti biyu. Na uku za ka taɓa minti uku a jere, na huɗu minti biyar. Ƙarshen mako na biyar ne ke ba mutane tsoro, domin a nan ake yin minti 20 ba tsayawa, amma wanda bai tsallake na baya ba yakan iya. Daga nan 25, sai 28, a mako na tara minti 30. Ka rufe kowace rana da tafiyar minti biyar, sannan ka miƙe jijiyoyin cinya da na sharaɓa a hankali.

Makon farko zai yi maka kamar wasan yara, ka ji kana son ƙarawa. Kada ka ƙara. Haka kuma in wani mako ya yi maka nauyi, maimaita shi. Babu wanda ya ce dole a gama cikin tara. Mai shekara 50 da ya gama cikin mako goma sha huɗu bai rasa komai ba.

Saurin fa? A nan ne kusan kowa ke ɓata. Ma'aunin shi ne magana: in ba ka iya faɗin cikakkiyar jimla ga abokin gudunka ba tare da haki ya katse ka ba, ka yi sauri da yawa. Rage, ko da yaro mai tura kurar ruwa zai wuce ka. Taku ya zama gajere, ƙafa na sauka ƙarƙashin jiki, ba can gaba ba. Kafaɗu a sake, ido a gaba. Shaƙi iska ta hanci da baki duka, zancen cewa dole a rufe baki ba shi da tushe. In ka ji suka a ƙarƙashin haƙarƙari, koma tafiya kana jan dogon numfashi har ta lafa.

Za a kalle ka, wannan kam tabbas. Wani dattijo mai dawowa daga masallaci zai tsaya ya ce, "Lahiya? Mi af faru?" Gaishe shi da ladabi, ka ce, "Lahiya lau Baba, likita ne ya ce a motsa jini." In kuka zama ku biyu ko uku kallon ya ragu, kuma ranar da barci ya yi daɗi akwai mai ƙwanƙwasa maka ƙofa.

Ga mata, tsarin ɗaya ne. Abin da ya bambanta shi ne wuri da sutura. Harabar makaranta mai katanga, ko tsakar gida mai faɗi, tare da maƙwabciya ko ƙawa, sun fi titi kwanciyar hankali. Ki nemi hijabi mai sauƙin yadi wanda bai kai ƙasa ba don kada ki harɗe, da rigar nono mai riƙe ƙirji sosai. Mai ciki da mai jego su tambaya a wurin awo.

Na biyar, ruwa da abinci

Sha ruwa kofi ɗaya ko biyu da ka tashi, ka sha bayan ka dawo. Gudun rabin awa da sanyin safiya ba ya buƙatar riƙe gora, amma a bazara ledar ruwa guda a hannu ba ta ɓaci ba. Launin fitsari ne zai gaya maka gaskiya: in ya yi ja-ja, ruwan bai isa ba. Dabino biyu ko uku ko ayaba sun isa kafin fita. Koko da ƙosai su jira dawowarka. Mai ciwon suga da ke shan magani ko yin allura ya riƙe dabino a aljihu.

Mai neman rage tumbi ya san wannan lissafin: mutum mai kilo 70 da ya yi gudun kilomita biyar ya ƙona kalori (ma'aunin ƙarfin da abinci ke ba jiki) wajen 350, manyan kwalaben lemo biyu kuwa sun mayar da su har da riba. Amfanin gudun ga zuciya da suga yana nan ko sikeli bai motsa ba, amma tumbi sai an haɗa da kula da kwano.

Da azumi, sabon shiga ya bar gudun safe. Ya yi tafiya ko sassarfa mara nauyi bayan sallar asham, inda zai iya shan ruwa.

Na shida, sanin lokacin tsayawa

Tsamin jiki da ke zuwa washegari, ya tsananta a rana ta biyu, ya tafi da kansa, ba abin damuwa ba ne. Ciwon da ya tsaya wuri guda a ƙwauri ko gwiwa ko idon sawu, yana ƙaruwa in kana gudu ko yana sa ka ɗingishi, wannan sai a huta kwanaki, in bai tafi ba a je asibiti. Kada a danne shi da ƙwaya a ci gaba. Magunguna irin su ibuprofen da diclofenac, in suka haɗu da zafi da ƙarancin ruwa, suna iya taɓa ƙoda, tramadol kuwa ba a ma maganarsa.

Ciwon ƙirji, jiri, ganin duhu, tashin zuciya ko ruɗewa: tsaya nan take, nemi inuwa, zuba ruwa a jiki, a kai ka asibiti. Kada ka fita gudu da zazzaɓi a jikinka. In zazzaɓin cizon sauro ya kwantar da kai, gama shan magani, jira ƙarfi ya dawo, sannan ka koma baya da mako ɗaya ko biyu a tsarin.

Wanda ya kai minti 30 sau uku a mako yana yin minti 90 ke nan, ya shiga cikin abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara ga baligi: minti 75 zuwa 150 na motsa jiki mai ƙarfi a mako, ko 150 zuwa 300 na matsakaici. Zauna a kan wannan wata guda ko biyu. In kana son ƙari, ƙara minti biyar a fita ɗaya cikin ukun, ka bar sauran biyun yadda suke.