Yadda Ake Cire Tsohon Rufin Asbestas Ba Tare da An Cutar da Huhu Ba

Tsofaffin gidaje da dama a unguwannin Agege da Mushin da Ebute Metta na Legas har yanzu suna da rufi ko silin asbestas, wato wani ma'adini mai zaruruwa da ake yin fallayen gini da shi, kuma idan gyara ko rusau ya taso, sau da yawa 'yan'uwanmu leburori ne ke hawa sama. Muddin fallen yana nan lafiya, haɗarinsa kaɗan ne; fasa shi ne ke sakin siraran zaruruwan da ido ba ya gani.

Idan zaren ya kai can cikin huhu, ƙwayoyin garkuwar jiki sukan yi ƙoƙarin haɗiye shi, amma sai ya gagare su saboda tsawonsa, ga shi kuma ba ya narkewa. Daga nan sai su riƙa zubar da sinadaran oksijin masu ƙuna, ƙarfen da ke jikin zaren yana ƙara rura su, har su ci naman huhu kamar yadda tsatsa ke cin kwano a iskar teku. Abin da ke biyo baya shi ne tabo mai sandarar da huhu, ko sankara, kuma yakan ɗauki shekara 20 zuwa 40 kafin ya bayyana. Wannan ne ya sa Birtaniya ta haramta asbestas gaba ɗaya a 1999.

Idan za a cire irin wannan rufi, da farko, a fitar da mutanen gida, a rufe tagogi, a shimfiɗa leda mai kauri a ƙasa.

Na biyu, a sa takunkumi mai matatar P3, wato matatar da ke tare ƙura mafi laushi, wanda ya kama fuska sosai. Ƙyallen da ake ɗaurawa a hanci, ko takunkumin zamanin korona, ba ya tare wannan ƙura.

Na uku, wanda a ganina ya fi kowanne muhimmanci, a jiƙa fallen sharkaf da ruwan da aka ɗiga wa sabulu, sannan a kwance kusoshi ɗaya bayan ɗaya, a sauko da shi ɗungurungum da hannu. Kada a jefo shi ƙasa, kada a sa masa guduma ko injin yanka, ko da mai aikin yana gaggawa.

Na huɗu, a naɗe fallayen cikin leda ninki biyu, a goge wurin da jiƙaƙƙen tsumma maimakon tsintsiya, a tuntuɓi hukumar kwashe shara ta Jihar Legas, wato LAWMA, kan inda za a zubar. Ba a cike ramin hanya da ɓaraguzansa.

Tufafin aikin kuwa a tuɓe su a wurin, a yi wanka, domin matar da ta kakkaɓe su kafin wanki ita ma za ta shaƙa.

Wanda ya daɗe a wannan sana'a ya bar taba, domin tana ninka haɗarin sankarar huhu, kuma idan haki ko busasshen tari ya ƙi tafiya, ya je asibiti, kamar Asibitin Koyarwa na Jami'ar Legas da ke Idi-Araba, ya faɗa wa likita shekarun da ya yi yana fasa asbestas kafin a ɗauki hoton ƙirjinsa.