Yadda ake tara tsofaffin faifan kantiri da honki-tonk ba a ci kuɗinka a banza ba

Yawancinmu a nan Arewa in aka ce kantiri Don Williams da Jim Reeves da Dolly Parton ne ke zuwa mana a rai, don su gidajen rediyo suka saba sa mana. To amma akwai wani reshe da ya fi su kaushi, honki-tonk, kiɗan mashayun Tekzas da Oklahoma inda ma'aikatan rijiyoyin mai ke taruwa da dare, hayaniya ta yi yawa dole aka jona jita da lantarki don a ji ta. Ga yadda za ka bi.

Da farko ka horar da kunnenka kafin ka taɓa aljihu. Shiga YouTube ka saurari Ernest Tubb, shi ne ya buɗe hanyar a 1941 a kamfanin Decca, sai Hank Williams da ya rasu ranar 1 ga Janairun 1953 yana ɗan shekara 29 kacal, sai Lefty Frizzell da Kitty Wells da George Jones. In ka fi son mai zafi-zafi ka nemi Buck Owens da Merle Haggard na Bakersfield, su da kamfanin Capitol suka yi aiki. Zaɓi mutum ɗaya ko biyu ka tsaya a kansu tukuna.

Na biyu, ka san faifan iri uku ne, ana kiran kowanne da yawan juyin da yake yi a minti ɗaya. Akwai mai 78, tsohon faifan garmaho, yana da nauyi kuma in ya faɗi ya tarwatse kamar tangaran. Akwai babba mai 33 da Columbia ta fito da shi a 1948, sai ƙarami mai 45 mai ƙaton rami a tsakiya na RCA Victor, 1949. Sabon shiga ya fara da 45 da 33 kawai, don 78 allurarsa daban ce, ta fi kauri, kuma ba kowane inji ke juya shi ba.

Na uku kuma nan ne ake cin mutane. Waƙoƙin zamanin su Hank Williams da sauti ɗaya aka ɗauke su, mono, daga baya kamfanoni suka dinga raba sautin da ƙarfin tsiya suna buga "stereo" a kwali don ya sayu, sai ka ji muryar ta yi nisa tana amsa kuwwa, wallahi ba daɗi. Hank Williams ma bayan ya rasu kamfanin faifansa MGM ya ɗora wa wasu waƙoƙinsa goge-goge da 'yan amshi da bai san da su ba. Ni dai mono nake saye ko da kwalin ya yage. Ka duba lambar da aka zana a fili tsakanin ƙarshen waƙa da takardar tsakiya, ka sa ta a Discogs, shafin intanet na bayanan faifai, zai nuna maka bugun farko ne ko maimai. Maimai ba laifi ba ne fa, kamfanin Bear Family na Jamus da ke sake buga tsofaffin waƙoƙi aikinsu tsaf yake, kawai kar ka biya kuɗin asali a kansa.

In ta intanet za ka saya masu sayarwa na rubuta NM, VG+, VG ko G don nuna lafiyar faifan, NM kusan sabo ne, G kuwa ya sha jiki. Daga VG+ zuwa sama ka tsaya. Ƙananan 45 da yawa a injin jefa kwabo na mashaya suka yi rayuwarsu, an murje su sosai, in ka ga layukan da allura ke bi sun yi furfura-furfura a hoto to bar shi. In a hannu ne ka ɗaga shi a haske, ka bi tabon da farce a hankali, wanda farce ya ji allura ma za ta ji.

Inji kuma a kula, na Amurka wutar 120 yake sha tamu 230 ce, kuma ko ka sa taransifoma wasu tsofaffin za su dinga jan waƙa a hankali saboda saurin bugun wutarsu 60 Hz ne namu 50. Nemi na Ingila ko Turai ka huta.

Ajiya: a tsaye, kar ka jibga su, nesa da taga da bayan mota, zafin Afrilu kaɗai ya isa ya lanƙwasa faifai. Lokacin hunturu ka kakkaɓe ƙura da burushi mai laushi kafin kowane sawa. Kuma kar sipirit ya kusanci mai 78, narkar da shi yake yi, ruwa mai tsabta da ɗan ƙyalle ya wadatar, ka bar shi ya bushe sarai kafin ka mayar cikin kwali.